Damin Zailani

Zailani manomi ne a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta, inda gonaki suka matsu, kowa da ɗan abin da ya gada. Na san shi lokacin da nake malamin hakimi, zamanin Turawa. Gonarsa ƙarama ce ƙwarai, amma burinsa ɗaya ne: a sa shi cikin masu fid da zakka.

Kowace kaka, in ya ɗaure geronsa, sai ya ware dami guda ya ɗauka a ka zuwa zauren liman, Malam Muntaka, wanda suka yi makarantar allo tare. Liman kuwa ba ya karɓa da sunan zakka. Hujjarsa hadisi ce, cewa amfanin gona ba shi da zakka sai ya kai nisabi, na Zailani kuma bai kai ba. Zailani yakan ce shi Alƙur'ani ya karanta, ayar ta ce a ba da haƙƙin amfanin ranar girbi, ba ta ambaci mudu ba. Liman yakan tambaye shi a wace aya ya ga raka'o'in Magariba. Sai Zailani ya ce wannan wata magana ce daban.

"Kai dai, Malam, ba ka so in shiga sahun manya."

"Da gonar da akuya za ta tsallake? Ɗauki daminka, in sadaka ce ka faɗa."

Zailani ba ya yarda ya kira shi sadaka. Haka damin yake komawa gida, matarsa Hure ta sussuke ta dama fura ta aika wa maƙwabta, har gidan liman, liman kuwa ya sha ya yi hamdala.

Wata shekara maƙwabcinsa Basiru ya tafi aikin hajji a ƙafa, ya bar masa aron gonarsa. Zailani ya kwashe rani yana kai taki, damina kuma ta yi albarka. Ranar sussuka liman ya zo da kansa, ya auna geron a gaban jama'a, ya ce ya kai nisabi, bana zakka ta wajaba a kan Zailani.

Zailani ya ce aya ta yi nasara. Liman ya ce hadisi dai, tunda da mudu aka auna. Aka yi ta dariya. Zailani ya share fuska da hannun riga, ya ce:

"To Malam, na ji. Amma sake faɗin 'ta wajaba' ɗin da ƙarfi, na baya ba su ji ba."