Ambulan da Kika Riƙe Mini Wata Takwas

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanwata, autar ɗakinmu, a kan gadon wankin ƙoda, a asibitin da ta yi shekara ashirin tana ɗibar jinin marasa lafiya. Ciwon da ya ɗauke mahaifiyarmu da yayanmu, shi ya zama ajalinta.

Auta, duk wanda ya taɓa miƙa miki hannu ya san sauƙin allurarki. Tsohuwar da aka yi ta hudawa ba a sami jijiya ba, ke ake kira mata. Ko da ciwo ya kwantar da ke, in sabuwar nas ta zo neman jijiya, sai ki kama yatsanta ki ɗora a kan jijiyarki, ki ce ta koya a jikinki, ke kin saba.

Ke kika fara gaya mana ciwon gidanmu ba jifa ba ne. Kika ce likitan da kike aiki da shi yana bin wata ƙwayar halitta da ake gado. Sunanta haruffa ne da lamba, na kasa riƙewa. Kika ce alamarta tana bayyana a jini tun kafin ƙafa ta kumbura, kuma suna gwada wani magani da suke fatan zai danne ta, amma sai ga wanda ƙodarsa ba ta yi nisa ba. Taki ta riga ta yi nisa, kin sani. Duk da haka kika riƙa yawo gidajen dangi da auduga da ƙananan kwalabe a jaka, har kawunmu yana ɓuya a banɗaki yana cewa ga mai shan jini ta iso. Ki zauna a ƙofar ki ce ba kya sauri.

'Yar farina, wadda kika goya tun tana jaririya, ta ba ki jininta da kanta. Da sakamako ya fito ta ce ba za ta duba ba sai na yarda. Kika kawo mini ambulan ɗin sakamakon a ɗakin girki, ina yankan albasa. Na ce sanin ciwon da bai zo ba leƙen gaibu ne, da shi da duba duk ɗaya. Kika ce, "Yaya, ba duba ba ne. Rubutu ne Allah ya yi a jikinta, kuma ke kika koya mini karatu." Tsoro ya kama ni, na mai da shi fushi, na rantse da Allah ba za a buɗe takardar nan da yardata ba. Kin san ban taɓa wasa da rantsuwa ba. Kika mayar da ambulan jaka, kika karɓi wuƙar kika ƙarasa mini yankan.

Ba ki ƙara tayar da maganar ba. Duk zuwanki dai sai ki ja yarinyar kusa, kina mata tsiyar ta yi ƙiba, kina latsa mata idon sawu da babban yatsa. Ina gani, ina kau da kai.

Washegarin rasuwarki mijinki ya kawo mini ambulan, a manne yadda yake, bayan wata takwas a jakarki. A ranar, yarinyar ta cire takalmi za ta yi alwala, na ga shatin igiyar takalmin ya nutse a ƙafarta. Ta idar da salla bai cike ba. Haka ƙafar mahaifiyarmu ta fara, Auta. Na sani, ni na yi jinyarta.

Na tambayi malaminmu, ya faɗa mini abin da na sani tun ina riƙe da allo: wanda ya yi rantsuwa ya ga alheri a saɓaninta, ya yi kaffara ya bi alherin. Na sani, wallahi na sani, na ɓuya ne kawai. Jiya na dafa abinci na ciyar da mabuƙata goma, na kira yarinyar ɗakina na miƙa mata ambulan. Ta karanta a tsaye, ta ninke takardar gida huɗu, ta ce, "Umma, ƙarfe nawa likitan Anti yake fara ganin mutane?"

Gobe za mu je. Ban san abin da zai ce game da wata takwas ɗin nan ba, kuma babu ke da za ki tsaya a bayansa ki yi mini bayani da ido.

Ya Allah ka jiƙan Auta, ka sa jinyarta ta zama kankarar zunubi, ka yalwata kabarinta, ka shayar da ita ruwan da babu mai ƙayyade mata shi kamar yadda aka yi mata a jinya. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta, da 'ya'yanta biyu, da abokan aikinta na ɗakin gwaji. Duk wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, don Allah ya haɗa da 'yata. Jinkirin nawa ne. Ya Ubangiji, kada ka kama ta da shi.