Ƴan Tukunya Ɗaya

Duk lokacin da na tuna da rufe shagon Mama Saratu na Tanut, raina ɓaci yake yi. Abin haushin kuma, ban san wanda zan fara zagi ba, don da ni a cikin masu laifin. Amma bari in fara daga Iya, kakata ta wajen uwa, tun da ita ce ta fara kai ni ƙofar shagon.

A Tarka muka tashi. Lokacin sanyi, da an idar da magariba an ci tuwo, sai Iya ta sa a hura karan gero a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Ban taɓa ganin hannunta a sake ba. Kwarashi na dama, zare na fitowa ta hudar wani gwangwanin madara da take jefa dunƙulen a ciki. Wannan dabarar hanya ce. Cuku take saye wajen makiyaya ta kai kasuwar Tanut, kuma a saman kamiyo, babbar motar kaya, bisa buhuna, idan dunƙule ya gangara ƙasa babu direban da zai tsaya maki. Duk da girgizar hanya, kafin ta dawo ta gama hula da safar jariri.

Zarenta kuwa daga wuri ɗaya yake, wani ɗan shago da bai fi rumbu girma ba. Mai shagon, Mama Saratu, Kirista ce, a lokacin tana da ƙuruciyarta. Ba ta miƙa zare sai ta yi tambaya: me za a saƙa, wa za a saƙa wa? Sannan ta ware duka dunƙulen da aikin zai ci. Ko guda ɗaya za ki ɗauka yau, sauran za ta ɗaure su a ƙyalle ta ajiye maki. Takan kira su ƴan tukunya ɗaya, wato tare aka rina su. A wurinta, kore da kore ba ɗaya ba ne in tukunyarsu ta bambanta.

Iya ba ta buɗe tatsuniya kamar kowa. Cewa take, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta zo ta zauna." Wadda ta fi yi mana ita ce ta hankaka.

Wai da can hankaka tsirara yake. Ya je wurin wata tsohuwa a ƙauyensu ta soma saƙa masa baƙar riga. Ta gama baya, ta gama fukafukai, saura ƙirji. Sai ya ji labarin a birni zare tsibi-tsibi yake, ana bayarwa kamar kyauta. Ya fizge rigarsa ya tashi. Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, sauran zarenka na nan, tukunyarsu ɗaya." Bai ko waiwayo ba. A birni aka ƙarasa masa ƙirji da wani zare mai sheƙi, baƙi ƙirin a inuwar rumfa. Ruwan farko da ya doke shi, ƙirji ya koma fari fat. Ya dawo da gudu a gyara masa, ya tarar da bukkar tsohuwa wayam.

"Shi ya sa har gobe yake yawo kan juji yana kaico, kaico," in ji Iya. "Ƙurunƙus, na kai bakin zare, mai so ya ƙulla."

Mu dai dariya muke wa hankaka. Wata rana na ce, "Iya, to ina tsohuwar ta tafi?"

Ta ƙwanƙwashe min kai da kwarashi. "Ke dai ja'ira ce. Wanda aka daina zuwa wurinsa ai ya tafi, ko yana zaune."

Na girma, aure ya kai ni Agadas, na gaji gwangwanin Iya da saƙar cikin mota. Duk wucewata ta Tanut sai na sauka na gaida Mama Saratu na yi sayayya. Sai ga masu talla ta waya. Hoto kawai za a turo maki, zare na walƙiya, ga araha. Mun san araha ba ta ado, tun muna yara muke jin haka, amma muka ruga kamar kaji sun ga tsaba. Babu mai tambayarki me za ki saƙa. A yi wanki biyu hula ta koma tsumma, mu yi tsaki mu sake turawa a kawo. Shekara huɗu ina wuce Tanut, idan mota ta zo daidai layinta sai in duƙar da kai kamar ina ƙirga idon saƙa.

Bara ɗiyata Rabi ta haihu a Belbeji, jikana na fari. Na ce wannan yaro ba zai kwanta cikin zaren waya ba. Na tono sauran koren zaren Mama Saratu daga akwati, na ɗora bargo, na shiga mota ina saƙa. Tun kafin mu iso Tanut zare ya ƙare, ga kwatan bargo ya rage, suna kuma jibi. Ko a jikina. Na ce ai shago na nan.

Na tarar ana cajin waya a ciki.

Da tambaya na gano gidanta. Tana zaune a tabarma, ta tsufa, ido ya yi rauni. Na gaishe ta ina kame-kame, na ɗora mata bargon a cinya. Ta shafa, ta kai shi dab da fuskarta.

"Wannan nawa ne," ta ce. "Ɗiyata, ashe kina nan?"

"Ina nan, Mama. Hidima ce ta yi yawa."

"Hidima. Haka kowa ya ce." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. "Dunƙule uku na ɗaure maki na tukunyar nan. Na ce jikar Iya ba ta barin aiki rabi. Da na rufe shago na riƙe su wata shida, sannan na ba matan coci suka yi wa marayu huluna."

"Mama, babu ko ɗaya?"

"Babu ko a ƙasar Damargu duka. Wa zai ajiye?"

Na fito ina huci. Ina jin haushin masu tallar waya, ina jin haushin matan Tanut da ke wuce ƙofarta kullum, amma na fi jin haushin wadda ta sha tatsuniyar Iya har ta haddace, ta ɗauka labarin tsuntsu ne. Ashe ba zare kaɗai ake saye a irin wannan shago ba. Akwai mutum a ciki da ke riƙe da aikinki a ransa har sai kin gama.

A motar Belbeji na ƙarasa bargon da wani koren zaren waya da ke cikin jakata. Inda suka haɗu ya fito ɓaro-ɓaro, ko daga ƙofar gida ina hango shi. Ranar suna da safe na miƙa wa Rabi ina ba ta haƙuri, na nuna mata wurin da yatsa. Ta duba, ta juya shi, ta sake dubawa.

"Inna, wane bambanci? Ai duk kore ne."

Na buɗe baki in yi mata faɗa, sai na tuna ko sau ɗaya ban taɓa kai ta shagon ba.