Kuang Mai Sakace Kunne da Fassara Biyu

Ku matso ku zauna, in ba ku labarin maƙwabcinmu Tsoho Kuang, mai sakace wa mutane kunne a gidan shayin bakin kogi, nan Chengdu.

Littafi ɗaya ya taɓa karantawa a duniya, wani tsohon labarin gidan attajirai da suka tsiyace. Duk shekara sai ya maimaita shi, kuma duk ya iso inda yarinyar labarin ta rasu sai ya yi kuka har da majina. Damuwarsa jikarsa Wenli, haihuwar Ingila, ba ta karanta Sinanci. So yake ita ma ta yi kukan nan kafin ya bar duniya.

To fassarar Turanci biyu ce, shi kuwa ko harafin Turanci bai sani ba, balle ya san wadda zai aika mata. Malaman da ke shan shayi a wurin sun rabu gida biyu. Malam Qiao ya ce ta farko ta zubar da waƙoƙin, abokin gardamarsa ya ce ta biyu bayanin ƙasan shafi ya fi labarin yawa. Har kofi aka fasa.

Sai Kuang ya yanke wa kansa shawara. Duk Baturen da ya zauna a kujerarsa, zai zura masa tsinke mai gashin tsuntsun dinya, ya miƙa masa babin rasuwar. Kunnen hagu fassara ta farko, na dama ta biyu. Wa zai gudu da tsinke a kunne? Shi kuwa ya tsura wa idon baƙo ido.

Kowa ya yi hawaye, hagu da dama. Kuang ya koma gida yana taƙama.

Matarsa Shufen ta ce, "Kai tsoho, ni ma da kake sakace mini ina hawaye, me nake karantawa? Bango?"

"Ke zuciyarki ce mai taushi."

"Taushin gidanku. Gashin ne, mai kan kabewa."

Washegari ya gwada wani Bature ba tsinke. Mutumin ya karanta biyun tas, ya ce madalla, ya tambayi hanyar banɗaki.

 Daga baya Kuang ya ɗaure littattafan biyu, ya haɗa da tsinkensa mafi laushi, ya aika Ingila. Wenli ta bugo waya ta ce, "Kaka, na sha kuka."

Bai tambaye ta ko ta taɓa tsinken ba. Ku da za ku tambaya?