Lodin Da Na Kai Rawayya

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, kuma har yau in na tuna sai na tashi na sake duba ƙofa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da tifa ɗaya ya fara jidar yashi a Gusau, a hankali ya ƙara ta biyu, daga baya ya sayi tsohuwar katafila. Da ya rasu sai abin ya dawo hannuna da ƙanena Sanusi, ni ina jan tifa, shi yana kan katafila. Aikin farko da muka samu bayan rasuwar shi ne haƙo marmara a bayan Kwatarkwashi, mu kai cikon wata hanya a Tsafe. Mai kwangilar ya faɗa mana a fili, don darajar Baba ya ba mu, in muka yi jinkiri zai kira wasu, kuma na san in wannan ya kuɓuce sana'ar gidanmu ta mutu a hannuna ke nan. Ni ko mutum ne mai yawan damuwa, ko abinci ba na iya ci.

Muna sauke katafila a gindin wani tudu, Sanusi ya kafa mata baki a ƙasa, sai ta mutu. Bakanike ya zo ya kwance, ya ɗaure, ya ce shi bai ga ciwo ba.

Washegari da azahar, rana tsaka, ina zaune a inuwar tifa ina ta saƙe-saƙe, sai ga wani tsoho siriri da sanda, ban ga ta inda ya ɓullo ba. Ya ce, "Ɗana, kun zaka tada mu, ba ko sallama?" Na duba, babu bukka ko ɗaya a wurin. Na ba shi haƙuri dai. Ya ce, "Ba komi. Tunda sana'arku ɗaukar kaya ce, ka kai mu Rawayya da iyalina."

Sanusi ya yi dariya ya ce, "Baba, iyalin suna aljihu ne?" Na harare shi.

Tsohon ya shiga gaba ya ce in dakata su hau. Subhanallahi! Ina riƙe da sitiyari na ji motar tana nutsewa kaɗan-kaɗan, sifirin yana kuka, irin yadda take yi in ana zuba mata lodi, na leƙa bodi, wayam. Haka na ja ta da babbar giya, tana nishi a kowane hawa, bakina bai daina addu'a ba.

Kusa da Rawayya ya nuna wata tsamiya ya ce in juye nan, a hankali, akwai tsofaffi. Na ɗaga bodi, ba abin da ya zubo, amma na ji motar tana miƙewa. Da na ga ta yi sauƙi sai na sauke bodin. Ya dube ni ta taga ya ce, "Ka yi gaugawa, ɗana." Kafin in tambaye shi me yake nufi, ya zaga bayan tsamiyar, ban ƙara ganinsa ba.

Ina komawa na tarar katafila ta tashi, bugu ɗaya in ji Sanusi. Muka gama aikin a kan lokaci, yanzu har 'ya'yanmu sun shigo sana'ar. Sai dai tun ranar tifar nan ta karkace ta baya hagu, an canja sifirin ya fi a ƙirga, ba ta daidaita ba. Na koma tsamiyar na ɗaga bodi na jira, ba abin da ya sauya. Na hana a sayar da ita, don ban san wa zan haɗa da mai saye ba.

Shawarata, 'yan uwa direbobi, in Allah ya haɗa ku da irin wannan lodin, kada ku sauke bodi sai mai kaya ya ce kowa ya sauka.