Umma Kulsum, Wadda Duniya Ta Sani Da Indumala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, daidai da sha biyu ga Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Umma Kulsum a wani asibiti da ke gabashin London, tana da shekara tamanin da ɗaya. Da yawa cikin masu karanta wannan za su ce ba su san ta ba. Kun san ta. Ita ce tsohuwar nan mai farin sari a finafinan kudancin Indiya, wadda kullum ɗanta zai tafi birni neman arziki ya dawo ya tarar ta cika. Sunan da ake rubuta mata a farkon fim shi ne Indumala. Fim ɗari biyu da goma sha huɗu ta yi da harshen Malayalam da na Tamil, ta fara tana budurwa mai rawa a gindin kwakwa, ta ƙare tana uwar kowa.

Umma, ni ce Karimatu, wadda kamfanin kula da tsofaffi ke turo miki kowace safiya, shekara uku ke nan. Yau kwana tara da tafiyarki, kuma har yanzu in bas ya zo Stratford sai in miƙe zan sauka.

Na fara sanin ki tun a Kano, da muryar da ba taki ba. Masu fassara finafinai sun ɗora miki muryar wata mata mai Hausar cikin gari, har muka riƙa zaton kin taɓa zama a Yakasai. Ranar da na shiga flat ɗinki a hawa na tara na ga hoton da ke bango, na dubi tsohuwar da ke kan kujera da bargo a gwiwa, sai jakata ta faɗi. Da na ba ki labarin muryar nan kika yi dariya har da tari. Kika ce ai ba ta Kano ce ta fara ba, ko a Madras shekara goma wata ce ke yi miki magana a finafinan Tamil, domin sun ce harshenki ya yi kauri. Kika ce, “Fuskar kaɗai suka saya, Karima. Rabin fuskar ma.”

Rabin fuskar kuwa gaskiya ne. Ba wanda kike yarda ya zauna a damanki. Likita, ma'aikaciyar ƙaramar hukuma, har mai kawo magani, kowa sai kin juya shi hagu da sandarki. Akwai tabon ƙuna daga kunnenki na dama zuwa haɓa, kuma ba kya buɗe ƙofa sai na shafe shi da hoda na ja gashi na rufe. Kin wahalar da ni a kan hodar nan, Allah Ya sani. Hoton waya ma in zan ɗauke ki sai an yi sau shida, kina cewa hasken tagar bai san aikinsa ba. Yadda kika zo London kuwa, sau uku kika ba ni labarin kuma kowanne daban, don haka na bar shi inda kika bar shi.

Alherinki ba ya ƙirguwa. Lokacin da cikina ya zube na koma aiki bayan mako guda, ban gaya miki ba, amma kin kalle ni sau ɗaya kika ce in zauna. Da kanki kika ja ƙafa zuwa kicin kika dafa mini shayi da citta da kanumfari, kika hana ni taɓa ko cokali, ranar ke kika yi jinyar mai jinyarki. Kika ce kin haifi 'ya'ya sun fi ɗari a fim, ko ɗaya bai taɓa bugo waya ba, don haka za ki riƙe ni. Daga ranar na daina ce miki Madam.

Wata takwas ina zaton ke Hindu ce, kamar yadda kowa ke zato. Duk shekara ƙungiyar masoyan finafinanku ta East Ham kan zo ta ɗauke ki a mota, su rataya miki furanni, su ɗiga miki jan ɗigo a goshi. Shugabansu, Mista Kumaran, dattijo mai shekara saba'in da takwas, duk Lahadi yana hawowa hawa tara da kwanon abinci, ko lif ya lalace. Rannan la'asar ta same ni a wurinki, na shimfiɗa gyalena a lungu na tayar da salla. Ina shirin kabbara na ji muryarki daga kan kujera: “Ba can ba ne. Juya hagu kaɗan, saitin tukunyar fulawa.” Na juya. Ban san yadda na idar da sallar nan ba.

Da na sallame kika sa na rufe ƙofa. Kika ce sunanki Kulsum, 'yar Moidu mai ɗinkin tarun kamun kifi a Kalikat, wani gari a kudancin Indiya. Kina da shekara sha shida wani mai shirya fim ya gan ki a wasan makaranta. Mahaifinki ya ce 'yarsa ba za ta yi rawa a gaban maza ba, kika fita da ƙunshin kaya, ya rufe ƙofa. Mai fim ya ce sunan Musulma ba zai sayar da tikiti ba, ya raɗa miki Indumala, ke kuma kika karɓa don kada sunan mahaifinki ya hau allon sinima. Da sunan aka yi miki fasfo, da shi aka yi komai. Sallarki kuwa kina yin ta a zaune bayan kowa ya tafi. Kunyar Musulmi kike ji, kina kuma tsoron ɓata wa mutanen da suka riƙe ki rai.

Sai kika gaya mini abin da ke hana ki sukuni. Uwar fim ba ta da aiki sai mutuwa, kuma in ta mutu sai a ƙona gawarta bisa al'adar Hindu. Sau talatin da ɗaya aka kwantar da ke a kan tarin itace, aka kunna hayaƙi, jarumi ya zagaya yana kuka. A na sha tara ne iska ta juya wuta ta kama gashinki, daga nan tabon ya samo asali. Kika kama hannuna kika ce, “A wurinsu girmamawa ce, ba na ganin laifinsu. Amma ni ƙasa nake so. Kada ki bari a yi na talatin da biyu.” Na ce na yi alkawari. Bakina ya riga tunanina, domin ni ba 'yarki ba ce a takarda, ba komai ba ce.

Na yi ta roƙon ki ki gaya wa Mista Kumaran da bakinki. Kullum sai ki ce Lahadi mai zuwa. Lahadi ta zo ya shigo da kwanonsa yana sunkuyawa ya taɓa ƙafarki, sai in ga kin haɗiye maganar. A nan na yi fushi da ke, Umma, kuma har yau da sauran fushin. A watan Nuwamba dai kika ce in kawo waya in ɗauke ki bidiyo. Kika hana ni nuna wa kowa sai bayan ranki. Wata uku ina yawo da wayar nan a ƙirjina kamar laya, ko a jirgin ƙasa ba na fito da ita.

Ranar da kika rasu na isa asibiti na tarar da abin da nake tsoro. Sunan Mista Kumaran ne a takardarsu a matsayin makusanci. Ma'aikaciyar ta yi mini magana da ladabi, ta ce ni ma'aikaciyar kula da ke ce kawai, ba za ta iya ba ni gawa ba. Kafin azahar na ji ƙungiyarsu ta riga ta kama wurin ƙonawa, ranar Asabar da safe. A gida da yanzu an rufe ki an dawo. A nan ga ki a cikin firjin asibiti, ga Asabar tana tahowa, ni kuma ba abin da na riƙe sai waya.

Na kira Fulera, 'yar zangon Kumasi da ke wankan gawar mata a masallacinmu. Ina magana ina kuka. Ta ce, “Karimatu, bar kuka. Tsohuwa nan Musulmi ne, mu za mu wanke shi. Kira Abdul-Karim ya yi booking na kabari.” Malam Abdul-Karim na kwamitin jana'iza ya ce kabari ba matsala, amma ba zai iya ɗaukar ki ba sai wanda sunansa ke takarda ya sa hannu. Ya ce, “Ki je ki same shi da kanki. Kada ki tafi da malamai, kada ki tafi da faɗa.”

Laraba na buga wa Mista Kumaran waya na faɗa masa. Ya ce abin da har yanzu ke sukar raina: wai shekara uku na samu tsohuwa ita kaɗai a ɗaki na cusa mata addinina. Na ce ina da bidiyo. Ya ce ya gan ki kin fito a matar limami, ya gan ki kin fito a 'yar coci, kuma duk ya yi kuka, don haka bidiyo ba hujja ba ce a kan macen da ke iya sa dutse hawaye. Ya kashe wayar. Ranar ban iya cin komai ba. Na yi ta tunanin in Asabar ta zo aka yi, da wane ido zan kalle ki gobe kiyama. Na kuma yi tunanin ko shi ke da gaskiya ta wani gefen, domin ni ma ban taɓa sanin inda wasanki ke ƙarewa ba.

Alhamis da safe na tafi gidansa ba tare da na sanar ba. Matarsa ce ta buɗe, ta dube ni, ta matsa. Na ajiye wayar a kan tebur na danna.

Ga ki a kujerarki, kin fuskanci wayar kai tsaye. Ba hoda. Da hannunki kika tura gashin baya, tabon ya fito fili. Kika ce, “Sunana Kulsum, 'yar…” sai kika tsaya. Sunan mahaifinki ya maƙale. Kika yi ta motsa baki, kusan minti guda, hanci na zuba, ba kyan gani ko kaɗan. Ana jin muryata ina cewa mu sake daga farko. Kika ce a'a, wannan ba a sakewa. Sannan kika faɗi sunan, kika yi kalmar shahada, kika ce a binne ki, kika ce Kumaran ya yafe miki, tsoro ne ya hana ki faɗa masa.

Ya ce in sake kunnawa. Na sake. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu ya daɗe. Sannan ya ce, “Na ga finafinanta duka, wasu sau ashirin. Ba ta taɓa mance layi ba. Kuma shekara sittin ban taɓa ganin wannan gefen fuskar ba.” Ya tashi ya ɗauko wayarsa ya kira wurin ƙonawa ya ce an fasa.

Ranar Juma'a ni da Fulera muka yi miki wanka. Na fara da damanki kamar yadda aka koyar, na wanke tabon nan a hankali, ban rufe shi da komai ba. Bayan sallar Juma'a liman ya sanar da jana'izar wata baiwar Allah da ba ta da kowa. Malam Abdul-Karim ya raɗa wa wani ko wace ce, magana ta zaga, sai ga sahu shida: likitoci, direbobin tasi, ɗalibai, 'yan Kano da 'yan zango, mutanen da suka yi kukan mutuwarki tun suna yara a gidajen kallo.

Mu mata ba mu shiga maƙabarta ba, na tsaya a bakin ƙofa. A nan na tarar da Mista Kumaran da mutanensa kusan arba'in, cikin ruwan sama, riƙe da furannin da suka saya don Asabar, ba su san inda za su sa su ba. An ce su shiga, ya ce a'a, yau ta 'yan'uwanta ce. Muka tsaya ni da shi muna hango maza daga nesa suna zuba ƙasa. Can ya juyo ya ce in sake faɗa masa sunan. Na faɗa. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, kamar mai tsoron kada ya kuɓuce masa kafin ya kai gida.

Ina miƙa ta'aziyyata gare shi da matarsa da dukan ƙungiyarsu, su ne suka ciyar da ke shekarun da ba mu san kina nan ba. Ina yi wa Fulera da Malam Abdul-Karim da jama'ar masallacinmu ta'aziyya da godiya. Ina kuma yi wa zuriyar Moidu mai taru a Kalikat, in akwai wanda ya rage a gidan mahaifinki mai shuɗiyar ƙofa da kika yi ta aika wa wasiƙu ba amsa. In wannan ya isa gare ku ta kowace hanya, ku sani 'yarku ta rasu da kalmar shahada, an yi mata sutura, an sallace ta.

Abu ɗaya ya rage da ke damuna, Umma. Kin sha tambaya ta ko Allah zai karɓi wadda ta yi shekara sittin da biyar tana amsa sunan da ba nata ba. Ni ba malama ba ce, kullum sai in kauce in ce shayinki zai huce. Har yau ba ni da amsa, sai roƙo. Ya Allah, Kai ne Ka san abin da ake yi bayan an rufe ƙofa. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka tsare ta daga wuta, ita da ta ji tsoronta tun a duniya. Ka haɗa ta da mahaifinta a inda babu fushi. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani.

Ya Ubangiji, ga Kulsum 'yar Moidu nan ta zo maka da fuskarta duka.