Kawu Barau da Ƙwallon Amurka

Ƙarfe huɗu da kwata na yammar wata Asabar muna ƙofar gidan Kawu Barau a Rawayau: ni, da matarsa Gwaggo Hansai daga cikin zaure, da Isiya ɗan acaɓa wanda ya kawo saƙo daga Dutsin-Ma. Kawu yana tsaye, don kun san shi, ba ya zama. Usur ɗinsa na alƙalin wasa yana rataye a wuya. Da shi yake korar awaki, da shi yake kiran tuwo. Zan kawo abin da ya biyo baya bi da bi.

Na farko, saƙon. Ɗansa Nasiru, mai aikin asibiti a Amurka, ya aiko masa da irin ƙwallon da jikansa kuma takwaransa Abba yake wasa da ita a makaranta. Kawu ya buɗe kwali, sai ga abu dogo kamar gwanda.

"Innalillahi! Kaya sun danne ta a jirgi!"

Ya haye bayan Isiya, sai Kurfi wajen mai faci.

"Malam, ba ta iska ta dawo daidai."

"Alhaji, ai haka aka ɗinka ta."

"Ni za ka koya wa ƙwallo? Buga mata!"

Mai faci ya yi ta bugawa har ta ce tau! Kawu ya ɗaga fatar ya ce, "Ka gani ko? Jabu ce."

Na biyu, kiran bidiyo. Aka nuna masa Abba da hular kwano da kafaɗu kamar bijimi.

"Takwara, acaɓa ka fara ko yaƙi za ka?"

"Wasa za ni, Kaka. Rungume ƙwallon ake yi a ruga."

Kawu ya busa usur a bakin wayar har Gwaggo ta ɓarar da fura. "Hannu! Jan kati!"

Nasiru ya ce, "Baba, yi haƙuri. Da yawansu a nan suna ganin tamu ta ƙafa ba ta da zafi, a yi ta gudu babu ci. Sun fi son wannan da ta kwando."

"Mutanen da ba su iya jiran ci ɗaya, ina za su iya jiran gero ya nuna? Shi ya sa suke zuba ƙwallo a kwandon da ba shi da gindi!"

Na uku, kuma daga nan ne hankalinsa bai sake kwanciya ba. Tsoronsa ɗaya: yaro mai sunansa ya girma bai san daɗin taɓa ƙwallo da ƙafa ba. Ya share filin bayan gari da hannunsa, ya kafa turakun raga, ya yi rigima da duk makiyayin da ya ratsa da shanu.

"Kawu, ka huta mana," in ji ni.

"In huta, takwara ya zo ya taka ƙaya?"

Nasiru ya yi alkawarin kawo yaron, amma aka yi ta ɗaga zuwan Abba. Ciyawa ta fito, ya nome. Ta sake fitowa, ya sake nomewa. Bayan girbin bana Allah ya karɓi abinsa, bai ga yaron a filin ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba shi hutun da ya ƙi yi a duniya, ya haskaka makwancinsa.

Nasiru ya sanar da ni cewa shi da Abba suna tafe gaisuwa a watan nan. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan: ranar da suka iso, ku fito filin da ƙwallo bayan la'asar, ku sa yaron a cikinku. In ya kai hannu, kada wanda ya yi dariya. Ku ajiye masa ita a ƙasa, ku ce ya buga.