Gwaggo Mai Gwaji da Katinan Hoto Biyu

Kafin maƙwabta su ɗaga ƙofofin shagunansu, Gwaggo ta riga ta goge teburinta. Takan jera sukurdirebobinta daga ƙarami zuwa babba, ta cika murfin kwalba da ƙananan kusoshi, sannan ta kunna tsohuwar kwamfutar da ta cire wa murfi tun shekarun baya. A kan wannan kwamfuta take gwada duk kayan da zai fita daga shagon, shi ya sa 'yan layin suka laƙaba mata Gwaggo Mai Gwaji. Shagon ba nata ba ne, ma'aikaciya ce. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don idonta ya daina ganin ƙananan wayoyi ko da tabarau.

Mai shagon ya sha faɗa cikin raha cewa Gwaggo ta kori masu saye fiye da waɗanda ta jawo. Mutum zai zo da niyyar sayen sabon kaya, sai ta buɗe kwamfutarsa, ta hure ƙura, ta ce ya tafi, lafiyarta ƙalau. Amma shi da bakinsa yake ƙarawa da cewa duk wanda ta kora sai ya dawo da abokansa. Mai ɗaukar hoto na gefen shagon kuma ya shaida ranar da ta ceto masa hotunan jama'a daga kwamfutar da ruwa ya shiga, ta wuni a kai ba ta ko tashi cin abinci ba.

Labarin da aka fi maimaitawa a layin shi ne na wasu 'yan'uwa biyu. Wata uwa ce ta shigo da 'ya'yanta maza, kowanne fuska a ɗaure, babban na rungume da kwamfutar da suke amfani da ita tare. Shi mai zanen gine-gine ne, an ba shi aikin zana wata makaranta, kuma in ya kasa miƙawa a kan lokaci za a ba wani. Ƙaninsa kuwa, da ya taso daga wurin aiki, ba abin da ke sanyaya masa rai sai wasan tseren mota a kwamfuta. Katin hotonsu, wato abin da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, ya mutu. Sun haɗa hannu za su sayi wani, amma sun kasa daidaitawa, har sun daina cin abinci a kwano ɗaya.

Ƙanin yana son sabon kati, ɗan ƙarami mai fanka biyu da ma'ajiya giga takwas. Ya haddace duk abin da aka rubuta a kwalinsa: ya fi sauri, ba ya shan wuta, ba ya zafi. Yayan yana son katin da ya girme wancan da fitowa, dogo mai fanka uku da giga goma sha shida, amma ya kasa bayyana dalili, sai dai ya ce haka abokan aikinsa suka ce. Uwar ta zauna a kan benci ta ce ita dai ba ta san giga ba, zaman lafiyar gidanta ta zo nema.

Gwaggo ta saurare su har suka gaji. A ranta ta ga kowannensu yana da gaskiya, kuma ta san in ta zaɓa musu da baki, wanda aka kayar zai riƙe abin a zuciya. Sai ta ɗauko katinan biyu daga kantar shagon, ta ce su ajiye kwalayen, kowa ya buɗe aikinsa.

Ta fara da sabon katin, ta saka shi a kwamfutarsu. Ƙanin ya kama tuƙi, motarsa na sheƙa gudu a allo sumul, inuwar bishiyoyi na wucewa kamar gaske, fanka ko motsin kirki ba ta yi. Ya waiwayi yayansa yana murmushi. Daga nan yayan ya buɗe zanen makarantar. Aji ɗaya ya fito da sauri, har ya ba shi mamaki. Da ya haɗa dukan ginin, da tagogi da kujeru da filin wasa, sai hoton ya fara tsalle-tsalle, ya tsaya cik, manhajar ta rufe kanta. Gwaggo ta nuna musu wani ɗan layi a gefen allo mai nuna ma'ajiyar katin, ya cika maƙil. Ta ce katin yana da hannu mai sauri, teburinsa ne ƙarami, ba inda zai baza aikin.

Ɗayan katin ya ba ta wahala. Tsawonsa ya hana shi shiga, sai da ta kwance wani ƙarfe a cikin akwatin kwamfutar. Ta kuma gaya musu tun kafin a kunna cewa yana shan wuta sosai, dole a canza abin da ke raba wa kwamfutar wuta, kuma ɗaki zai yi ɗumi in ya daɗe yana aiki. Zanen ya buɗe a hankali, amma ya buɗe gaba ɗaya. Yayan ya zaga makarantarsa daga ƙofa har bayan azuzuwa. Da aka koma wasan mota, gudun ya ragu, hoton yana ɗan sarƙewa a kwana. Gwaggo ta rage kyan inuwa kaɗan, ya daidaita, amma ba ta ɓoye wa ƙanin cewa bai kai na farko ba.

Ƙanin ya tambaye ta wanne ya fi a wurinta.

"Ɗana, naka ya fi gudu, na yayanka ya fi ɗaukar kaya," in ji ta. "Kun gani da idonku. Sauran maganar ta gidanku ce."

Ƙanin ya tuna yadda yayansa ya dafe kai lokacin da zanen ya rufe ɗazu, abin da bai taɓa gani a gida ba, don yayan ba ya faɗin damuwarsa. Ya tura ƙaramin kwalin gefe.

"Yaya, ɗauki dogon. Amma ranar hutu kujerar kwamfutar tawa ce."

Uwar ta yi dariya har da share ido, ta ce in dai kujera ce, ita za ta raba. Yayan ya miƙa zanen a kan lokaci, kuma yanzu an fara ginin. Ƙanin ne ma ya zo ya ba Gwaggo labari.

Gwaggo, ke ce kika tsaya tsakanin mai saye da kwali mai ƙyalli, kika ce a kunna a gani. Ke ce ba ki taɓa raina tambayar wanda bai sani ba. Mai haƙuri da ƙananan kusoshi, mai haƙuri da manyan mutane. Sunanki ba ya jikin ginin makarantar nan, ba ya cikin hotunan da kika ceto, amma waɗanda abin ya shafa sun san hannun da ya taɓa su.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya sa hutun ya yi miki daɗi cikin jikoki. Ku kuma masu shaguna da masu gyara da kuka rage a layin, in mutum ya shigo a ruɗe da kwalaye biyu a hannu, ku ba shi kujera, ku tambaye shi aikin da zai yi, ku faɗa masa aibin kayan kafin ya kai shi gida ya gano da kansa.